Injin Kafinta da Sa Hannun Kawu

Litinin, 3 ga Fabrairu

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna da duk mutanen gida. Yaya gwiwar Inna? Umma ta ce min har yanzu a zaune take salla. Allah ya ƙara sauƙi. Ni lafiyata ƙalau, sai gajiyar aiki da ba a rasa ba.

Na san za ka ce yau wace rana, Injiniya ta ɗauki biro. To kai ne ka ce maganar waya iska ce, wanda ke son amsa daga gare ka ya rubuto. Ga shi na rubuto, direban da ke kai maka takardun banki zai miƙa maka.

Wata goma sha huɗu ke nan da na tsaya gaban kwamitinku na shari'a, na zana muku a allo yadda manhajar murabaha za ta yi aiki. Mutum ya zaɓi kaya a shago ta wayarsa, banki ya saya daga mai shago, sannan banki ya sayar wa mutumin da ribar da aka faɗa masa tun farko, ya riƙa biya wata-wata. Ku biyar kuka sa hannu. Kai ne na ƙarshe, sai da ka sa na maimaita zanen sau biyu, har na ji haushi a raina na ce Kawu so yake ya nuna bai san ni ba.

Abin ya karɓu fiye da zatonmu. Da mutum ɗari biyu muka fara, yanzu mun haura dubu arba'in. Teloli, masu walda, mata masu sayar da ƙanƙara, duk da waya suke sayen kayan sana'a. Kujerun jira na falon banki an kwashe rabinsu, don ba mai zama.

Wata muhawara ce ta taso a ofis nake son jin ta bakinka. Idan sayen da banki ya yi da sayarwar da ya yi sun faru kusan lokaci guda, tsakaninsu bai kai ƙiftawar ido ba, akwai matsala? In kuma sayarwar ce ta riga da rabin daƙiƙa fa? Kaya dai iri ɗaya ne, farashi bai canza ba, kowa ya yarda.

A gaida Inna.

'Yarka,
Injiniya

Asabar, 15 ga Fabrairu

Zuwa ga 'yata Injiniya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, mun gode. Muna lafiya. Gwiwar Innarki da sauƙi, bakinta kuma lafiya lau, don haka gida yana nan yadda kika san shi. Ni ne idona na dama ya fara yi min rowa, likita ya ce yanar ido ce, za a sa min ranar aiki. Kafin nan da na hagu nake lallaɓawa, in kin ga rubutu ya hau tudu ya gangara ki yi haƙuri.

Tambayarki ta ba ni dariya. Na san masu wannan muhawara, samarin nan ne na ofishinku masu rataya kati a wuya, waɗanda in mun shigo taro suke duba agogo. A ganinsu tsofaffi biyar ne suka tsaya wa banki a hanya da sandunansu. Ki gaya musu na ji, kuma ban yi fushi ba.

Amsar gajeriya ce. Ba a cinikin biri a sama. Mutum ba ya sayar da abin da bai mallaka ba, ko da rabin daƙiƙa ne, ko da rabin rabinta. Abin da ake dubawa shi ne wanda ya riga, yawan lokacin ba shi da muhimmanci.

Amma tunda ke ce, bari in ƙara miki. Da me banki ya halatta ribarsa? Da wannan ɗan lokacin da kayan ke hannunsa. A cikinsa in kayan ya faɗi ya fashe, ko aka tarar da aibi, asarar banki ce. Ya ɗauki kasada, sai ya ci riba. In kika cire wannan lokacin, abin da ya rage shi ne an ba mutum kuɗi ya dawo da fiye da su, an kuma ɗaura wa abin rawani. Mahaifina ɗan tireda ne, bai taɓa karanta babin ciniki ba, amma ba ya yarda ya yi kuɗin buhun sukari sai ya ga an sauke shi a ƙofar shagonsa. Yakan ce in ba zai iya fashewa a kaina ba, ba nawa ba ne.

Shi ya sa na sa kika maimaita zanen nan. Kibiya ta farko daga mai shago zuwa banki, ta biyu daga banki zuwa mai saye. Da na ga haka hankalina ya kwanta, tunda kuma na san hannun da zai gina abin. Ni da mahaifiyarki 'ya'yan wa da ƙani ne, na san irin tarbiyyar gidan. Wanda ya tambaye ni nakan ce masa wannan manhaja ka saya da ita ido rufe.

Ki riƙa cin abinci. Ranar taron can na ga yadda wuyanki ya rame.

Kawunki

Laraba, 26 ga Fabrairu

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, Allah ya sa a yi aikin ido a sa'a. Na rubuta a bayan ambulan cewa kai kaɗai za ka buɗe, don Allah ko Inna kada ta gani.

Ƙarya na yi maka. Babu wata muhawara a ofis, samarin da ka zarga ba su san komai ba. Ni ce.

Yadda na gina manhajar da farko, haka take kamar zanen. Saƙon saye zai tafi wurin mai shago, a jira ya amsa, sannan a buɗe wa mai saye shafin da zai danna ya karɓi ciniki. Jiran nan yakan ɗauki daƙiƙa goma, wani lokaci ashirin. Mutane suka yi ta ƙorafi cewa manhajarmu nawa gare ta, wasu na fita kafin ta gama juyawa. Oga, shugaban sashenmu, ya kira ni ya ce sauran bankuna suna wuce mu, in san yadda zan yi. Bai ce in karya ƙa'ida ba, wannan hakkinsa ne in faɗa. Ni na zauna na ga cewa in na saki saƙonnin biyu tare, jiran ya ƙare. Layi uku na canza. Aka yi min tafi a taron Litinin, aka ƙara min matsayi. A raina na ce ai duk a daƙiƙa ɗaya suke sauka.

Watan jiya wani kafinta ya kawo ƙara. Ya je shago ya zaɓi injin yankan katako, ya danna ya karɓi ciniki da ƙarfe goma da minti goma sha biyu. Ma'aikatan shagon na ɗora injin a mota sai ya suɓuce ya faɗi, ya tsage. Mai shago ya ce an riga an sayar, ba ruwansa. Banki ya ce kafinta ya danna, biya ya hau kansa. Aka turo min in ciro lokutan. Kawu, ranar layin mai shagon ya yanke, saƙonmu na saye bai shiga ba sai goma da minti hamsin da biyu. Minti arba'in cur mun sayar wa bawan Allah abin da ba namu ba, a cikinsu kuma injin ya faɗi.

Na bi sauran cinikayya ɗaya bayan ɗaya. Sama da dubu huɗu sayarwa ta riga saye. Yawanci da ɗan abin da bai kai daƙiƙa ba, amma ka riga ka ba ni amsar wannan.

Na kai wa Oga. Ya rufe ƙofa ya ce in mayar da layukan yadda suke, za a lallashi kafinta da rangwame, magana ta mutu. Ya ce in kwamiti ya ji, dole a fitar da ribar duk waɗannan a bayar sadaka, a sake ƙulla ciniki da mutum dubu huɗu, kuma wani zai tafi gida, ba shi ba ne kuwa. Na gyara layukan. Sauran ne ya tsaya min a wuya.

Ka san ni ke riƙe da hayar gidan Umma da makarantar ƙannena biyu. Tsoro nake ji. Da na karanta inda ka ce a saya ido rufe, sai da na shiga banɗakin ofis na yi kuka. Kawuna nake rubuta wa, ba ɗan kwamiti ba. Me zan yi?

'Yarka

Alhamis, 20 ga Maris

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya.

Yau kwana ashirin da biyu. Direba ya rantse a hannunka ya sa takardar. Duk ranar da ya dawo sai na tare shi a bakin get, har ya fara kauce min. Na kira wayarka sau uku, Inna ce ke ɗauka, ta ce kana hutawa.

Jiya sanarwa ta zagaya cewa an matso da taron kwamitinku daga watan Mayu zuwa goma ga Afrilu, "bisa buƙatar wani mamba". Ba sai an faɗa min wane mamba ba ne. Shiru ma magana ce, na ji.

Ban ce ka rufa min asiri ba. Amma na zaci ko layi ɗaya za ka rubuto, ko da zagi ne, kafin ka kai ni gaba. Na zo maka a matsayin 'ya, ka karɓe ni a matsayin fayil. Da na sani da na bi maganar Oga na ja bakina, da yanzu kowa na barcinsa lafiya. Kun fi son sunanku ya fita fes, ko da kan wa za a taka.

In na yi rashin kunya ka yafe min. Raina ne a ɓace.

Injiniya

Talata, 25 ga Maris

'Yata,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, alhamdu lillahi. An yi aikin ido, an dace, yau kwana biyu da likita ya yarda in kalli takarda.

Bari in ba ki labarin wasiƙunki biyu na ƙarshe, don ki san irin rikicin da kika haɗa min a gida. Ta farko ta iso ana gobe za a shiga da ni. Na ga kin rubuta ni kaɗai, na ce in na fito na karanta a natse. Na fito da ido a naɗe, na hagun kuma da nake taƙama da shi ashe ɗan rakiya ne, ba ya iya ƙananan baƙaƙe shi kaɗai. Innarki ta ce kawo in karanta maka, na ce an ce ni kaɗai. Sati uku takardar na aljihun rigata, ita kuma tana min gori wai na fara ɓoye-ɓoye da tsufana. Sai ga ta biyu babu rubutu a bayanta, na miƙa mata. Ta karanta da ƙarfi, har da inda aka ce na karɓe ki a matsayin fayil. Ta ajiye ta ce me ka yi wa yarinyar mutane? Na ce wallahi nima jira nake a faɗa min. Taron kuwa shugabanmu ne ya matso da shi, tafiya gare shi a watan Mayu.

Yanzu na karanta ta farkon, sau uku. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye miki ba. Na fi jin haushin kaina. Zane aka nuna min na sa hannu a kan zane, alhali abin da mutane ke ciniki da shi wani rubutu ne da ko harafi ɗaya ban iya karantawa a ciki ba. An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Wannan karon babban ne a ƙasa yana kallon allo. Kuma na tura mutane da bakina. Telan da ke ɗinka min kaya da manhajarku ya sayi kekensa, saboda ni.

Kin ce kawunki kike rubuta wa. 'Yata, mutum ɗaya ne, riga ɗaya gare shi. Ba zan iya sanin abu a gida in manta da shi a ɗakin taro ba. Kafintan nan ana karɓar kuɗinsa kan injin da bai taɓa zama nasa ba, rangwame kuma ba ya gyara wannan.

Ga abin da zan iya. Ba wanda zai ji daga bakina kafin goma ga Afrilu. Ranar, in an zo ƙarshen ajanda ba wanda ya ɗaga maganar, zan ce ina da dalilin janye sa hannuna, in nemi a binciki lokutan. Ba zan ambace ki ba, amma kin san bincike zai iso teburinki. Na fi so ki riga ni. Ba zan yi miki alkawarin aikinki zai tsira ba, don ban sani ba.

Maganar haya da makaranta, dangi ba su ƙare ba. Wannan ki bar mana.

Kawunki

Lahadi, 6 ga Afrilu

Kawu,

Assalamu alaikum. Barka da arziki, Allah ya ƙara wa ido haske. Ka ba Inna haƙuri, kai ma ka yafe min. Kunya ta hana ni sake karanta abin da na rubuta, ko a zuciya.

Jiya na je shagon kafintan. Ban faɗa masa ko ni wace ce ba, na ce kujera nake son gani. Injin na nan a lungu an rufe shi da buhu, ya ɗora gwangwanin ƙusa a kai. Da zarto yake yanka, na hannu. Ina tsaye saƙon tunin biya ya shigo wayarsa, ya duba ya mayar aljihu ya ci gaba da nuna min katako. Ni na rubuta kalmomin saƙon nan, har da "muna godiya da kasancewa tare da mu".

Na rubuta rahoto shafi shida, da jerin cinikayyar duka, na aika wa sakataren kwamiti, na ba Oga kwafi. Ya karanta a tsaye. Ya ce, "Kin san abin da kika yi wa kanki?" Na ce na sani. Ya ce, "Kawun naki ne ya sa ki." Na ce a'a, shi dai ya ƙi hana ni.

Umma ba ta sani ba tukuna. Sai Alhamis, ranar taron.

'Yarka

Asabar, 3 ga Mayu

'Yata Injiniya,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ina fatan kina lafiya ke da mahaifiyarki, ko da yake ita ta daina ɗaukar wayata. Innarki ta je musu wuni, ta dawo ta ce an gaishe ta, ni ba a aiko min da komai ba. Ban ga laifinta ba.

Ba ki tambaye ni abin da ya faru bayan kin fita daga ɗakin taro ba, amma hakkinki ne ki sani. Da kika gama bayani na faɗa musu dangantakarmu, na fita nima. Awa biyu ina zaune a baranda kan kujerar roba, kusa da injin shayi. An yanke a fitar da ribar, a sake ƙulla kowane ciniki, a mayar wa kafinta abin da ya biya a kawo masa sabon inji. Batun aikinki ba na kwamiti ba ne, na hukumar banki ne.

Manajan bankin ya same ni a barandar. Ya ce in zan rubuta layi biyu cewa a fahimtata tangarɗar na'ura ce, zai samu abin riƙewa ya bar ki a bakin aiki. Na so in rubuta, Allah ya sani. Amma kin tsaya gaban mutum goma sha ɗaya kin ce da hannuna na canza, ban ga yadda zan bi bayanki in ƙaryata ki ba. Na ce masa ba zan iya ba. Da takardar sallamarki ta fito kwana biyu ban ci abincin kirki ba.

Shekaranjiya suka kira mu mu sa hannu a kan manhajar da aka gyara. Na ce ba zane nake so ba, a kawo wanda zai karanta min rubutun kansa. Suka kawo wanda ya gaje ki, mutum mai haƙuri. Awa huɗu yana bi da ni layi-layi, yana fassara, har na ga wuraren ukun da idona sabo. Daidai suke, saye na gaba, sayarwa na biye.

Sai na tambaye shi, bayan mun sa hannu mun tafi, wani zai iya sake juya su? Ya ce cikin minti biyar. Na ce mu za mu sani? Ya ce a'a. Na ce to wancan karon yaya aka yi muka sani? Ya dubi manaja, ya dubi tebur, ya ce, "Ita ce ta faɗa."

Abokaina huɗu sun sa hannu, da sharaɗin a riƙa kawo mai bincike daga waje duk wata uku. Sharaɗi ne mai kyau, ban zarge su ba. Da takardar ta iso gabana na ce musu a ginin nan mutum ɗaya na tabbatar zai zo ya faɗa min in an taɓa layukan nan, ko da zai rasa abincinsa, kuma kun sallame ta. Na rufe biro na tura takardar gaba.

Ki zo mana hutu, ɗakin baƙi a share yake. Ki gaida mahaifiyarki, ko ba ta amsa ba.

Kawunki